Rasuwar Kawu Bertus, Turken Ƙwallon Gidan Roozendaal

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Gerdien Roozendaal ta layin coci, wadda yawancinku kuka sani a wurin sayar da gahawa na kulob ɗinmu na sofbol, wasan buga ƙwallo da kulki, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa riƙe kulki a filin nan, rasuwar turkenta na ɗora ƙwallo, wanda aka fi sani da Kawu Bertus. Ya rasu jiya Laraba da ƙarfe uku da kwata na rana, a bayan gida, tsakanin igiyar shanya da magudanar ruwa, yana da shekara arba'in da huɗu a duniya. A tsaye ya cika, a bakin aiki, da ƙwallo a kansa. Ya tafi ana saura kwana uku a yi wasan ƙarshe na zangon bana, kuma wannan ne ya hana Gerdien sa komai a bakinta tun jiya.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, aikinsa ɗaya ne tak. Ya tsaya, a ɗora masa ƙwallo a ka, mai koyon bugu ya ɗaga kulki ya buga, a sake ɗora wani. Bai taɓa neman wani matsayi sama da wannan ba.

An haife shi a shagon gyaran keke na marigayi Evert Roozendaal, mijin Gerdien, a shekarar da ita Gerdien take ganiyar wasanta, lokacin da masu jefa ƙwallo daga nan har garin Alkmaar suke jin faɗuwar gaba in sun ga ta taho da kulki a kafaɗa. Evert mutum ne da ba ya sayen abin da hannunsa zai iya haɗawa. Ya ɗauko tsohon famfon keke ya yi gangar jiki da shi, ya yanko tiyon lagireton mota ya yi wuya, ya kafa duka a kan katakon da ya ɓalle daga ƙofar bayan gida. Da ya gama ya ja baya ya duba, sai ya ga siririn abu mai karkataccen wuya, ya ce wannan ai wansa Bertus ne ya tsaya jiran bas. Sunan ya bi shi har kabari. Shi kuwa Bertus na ainihi bai ƙara cin abincin Kirsimeti a gidan ba sai bayan shekara biyu.

Marigayin ya yi suna wajen haƙuri. Ruwan sama ya dake shi, iskar teku ta kayar da shi ba sau ɗaya ba, sanyi ya daskarar masa da roba, bai taɓa ƙin fitowa ba. Magana biyu gare shi a duk rayuwarsa. In an bugi ƙwallo daidai, tas, sai ya ɗan girgiza wuya ya yi shiru. In kuwa an kuskure aka dake shi a wuya, da yake asalinsa famfo ne, sai ya saki iska a hankali, fuuu, kamar dattijon da aka taka wa ƙafa a jirgin ƙasa amma tarbiyya ta hana shi magana. Bayan Gerdien ta ajiye wasa ya yi ritaya a ɗakin ajiye kekuna, shekara talatin da wani abu, yana riƙe da hular ruwan Evert. Kowa ya ɗauka a nan zai ƙare kwanansa cikin mutunci.

Jinyarsa ta fara ne a watan Afrilu, ranar da jikar Gerdien, Renske, 'yar shekara goma, ta ce ta gaji da hoki, tana son wasan kakarta. Renske ta yi shekara huɗu tana hoki, kamar ubanta Wouter, kamar uwarta, kamar duk 'yan ajinsu. Wouter, ɗan Gerdien na fari, ba mugun mutum ba ne, kada wani ya karanta wannan sanarwa ya je yana harararsa a kasuwa. Mutum ne dai da ko gaisuwar uwarsa sai ya rubuta a littafin alƙawura. Ya zauna a teburin kicin, ya buɗe littafin, ya ce:

"Mama, zango ɗaya. An ce za a riƙe mata gurbinta a hoki har ƙarshen Satumba. In ta bugi ƙwallo ko sau ɗaya a wasa, ta zauna a sofbol. In ba ta buga ba, ta koma inda ta iya. Ba na son yarinya ta girma tana ganin ita ce koma-baya."

"Sau ɗaya?" in ji Gerdien. "Jikata? Kai dai rubuta, ka ja layi a ƙasa."

Ya rubuta, ya ja layi. An yi wasa goma sha huɗu tun daga ranar, kuma kulkin Renske bai taɓa ƙwallo ba ko da kuskure.

A nan dole a faɗi abin da Gerdien ba za ta faɗa da bakinta ba. Ba kofin gasa take nema ba, tana da su cike da kwali a saman kabad. Laraba take nema. Ranar Laraba ana tashi makaranta da sha biyu da rabi, sai Renske ta hau keke ta taho, a soya fanke, a ci, a fita bayan gida wurin Kawu Bertus har ƙarfe biyar. Tun da Evert ya rasu shekara shida da suka wuce, ba wanda yake jingine keke a ƙofar gidan nan a kai a kai sai yarinyar nan. Atisayen hoki kuwa ranar Laraba ake yi da rana, a wani gari. In Renske ta koma, Gerdien za ta riƙa ganinta ranar bikin haihuwa da Kirsimeti, a da'irar kujeru, da kek a cinya. Tsoron wannan ne yake cinta, kuma ya yi mata yawa.

Sai aka fito da Kawu Bertus daga ritaya, aka cire masa hula, aka kai shi filin daga. Matsalar Renske kowa ya gani. Hoki ya koya mata durƙusawa, ta share ƙasa da sanda. In ta ɗaga kulki, sai kafaɗarta ta faɗi, hannu ya gangara, kulkin ya wuce ƙarƙashin ƙwallo da tazarar yatsa huɗu, ya sauka a wuyan Kawu Bertus. Fuuu. Ƙwallo ya faɗo a gindinsa, ya mirgina kaɗan, ya tsaya.

"Haɓarki a kafaɗa," in ji Gerdien. "Ido a kan ɗinkin ƙwallo. Ƙugu ya fara juyawa, hannu ya biyo baya. Ƙafar baya kamar kina murƙushe kyankyaso."

Fuuu.

"Renske, ba sharar tsakar gida na sa ki ba."

"Kaka, ina ɗagawa fa."

"Kina ɗagawa a ranki. Hannun bai ji labari ba. Sake."

Babu dabarar da Gerdien ba ta gwada ba. Ta ɗaure igiyar shanya daidai ƙugun yarinyar ta ce kulki ya bi samanta. Ta saka mata sandar tsintsiya a bayan gwiwar hannu don ƙugu ya koyi juyawa. Ta ɗaga tsayin marigayin har ƙarfen cikinsa ya yi ƙara, ta sauke shi, ta sake ɗagawa. Kocin 'yan matan, Annelot, yarinyar kirki mai karatun jinya, ta zo da kanta ta ɗauki hoton bidiyo, suka kalla a hankali sau goma, ta ce komai daidai ne sai dai bugun. A lissafin da iyali suka yi, marigayin yana shan duka kusan tamanin kowace Laraba. A watan Yuni wuyansa ya tsage, aka naɗe da robar tayar keke. A Agusta ya fara karkata hagu ko ba a taɓa shi ba, aka ƙara masa salatif da sandar gora. Iskar da yake saki ta koma gajera, da ɗan fito a ƙarshe. Gerdien ta ji canjin, amma ta yi kamar ba ta ji ba, don ba ta da wani.

Wata rana cikin watan nan Renske ta ajiye kulki ta zauna a kan bokitin ƙwallaye.

"Kaka, ƙwallon nan ko motsi ba ya yi, amma na kasa. Wanda ake jefowa fa?"

"Tashi, ƙawata. Ni sai da na yi shekara ban buga ba."

"Baba ya ce a wasanki na farko kika fasa gilashin motar alƙalin wasa."

"Ubanki yana da surutu. Tashi."

Yanzu ga yadda ajali ya zo. An yi ruwa tun daren Talata, kuma inda Renske ta saba tsayawa, wurin da ƙafafunta suka haƙa rami cikin wata biyar, ya cika da ruwa. Ta zo da sababbin takalma. Ta ce ba za ta shiga taɓo ba. Gerdien ta juya za ta ɗauko katako a shimfiɗa, sai yarinyar, don ƙiwa kawai, ta zagaya ɗaya gefen inda ciyawa take a bushe, ta sauya hannu a kan kulki, na hagu a sama, ta tsaya kamar mai wasa da kakarta. Ba ta durƙusa ba. Kafaɗa ba ta faɗi ba, don a wannan gefen hoki bai taɓa koya mata komai ba. Ƙugu ya juya, hannu ya biyo, kulki ya zo a miƙe.

Gerdien ta yi shekara talatin rabonta da jin wannan ƙarar a bayan gidanta. Ƙwallon ya haye igiyar shanya, ya haye magudana, ya faɗa can tsakiyar tumakin maƙwabta. Amma kulkin ya zo da ƙarfin da wuya mai tsagu uku ba zai ɗauka ba, ya tafi da ƙwallon da kan marigayin gaba ɗaya. Gangar jikin ta tsaya ɗan lokaci, ta saki iska doguwa, ta tsage daga sama har ƙasa, ta kwanta a ciyawa.

Gerdien ta roƙi a rubuta wannan ba tare da an sassauta mata ba. Renske bahaguwa ce. Da hagu take rubutu, da hagu take yanka cuku, da hagu take jifa. Gerdien da kanta ta hau jirgin ƙasa ta je ta sayo mata safar hannu ta kama ƙwallo irin ta bahagwai. Amma sandar hoki ba a yin ta bahago, duk duniya ta dama ce, don haka tun tana shekara shida aka tsayar da yarinyar a gefen dama, ta saba, ta zo sofbol ta tsaya a can, kuma ba wanda ya ce mata komai. Koci ba ta lura ba, uba bai lura ba. Waɗannan ana iya yafe musu. Amma mace mai kwalin kofuna, wadda ta yi wata biyar tana gyara haɓa da ƙugu da diddige, ba ta taɓa cewa "zagaya can mu gani" ba. Kawu Bertus ya sha duka sama da dubu a kan laifin da ba nasa ba, ba kuma na yarinyar ba. Gerdien ta ce kunya ta fi baƙin cikin yawa, kuma ba ta san inda za ta ajiye ta ba.

Marigayin ya bar Gerdien, wadda ya yi wa hidima tun tana da ƙarfin kafaɗa. Ya bar Renske. Ya bar bokiti da ƙwallaye goma sha ɗaya, na sha biyun yana wurin tumaki kuma ba a san halin da yake ciki ba. Ya bar tsohuwar raga mai ɓuli biyu. Ya bar kulki, wanda yake da hannu a rasuwar, amma iyali sun zauna sun yafe masa. Ba shi da ɗa, ba shi da ƙane, don Evert bai sake yin irinsa ba, kuma wannan shi ne babbar masifar.

Domin bugu ɗaya ba koyo ba ne. Hannu yana bukatar ya maimaita sau ɗari kafin ya yarda, kuma ba abin da za a ɗora ƙwallo a kai. Kulob yana da turke biyu na kanti, suna kulle a akwatin ƙarfe na bayan fili, mabuɗin yana aljihun Harm mai kula da kaya, Harm yana Faransa a motarsa mai ɗakin kwana, yana hutu. An kira shi sau tara. Ya turo saƙo cewa tun watan Maris ya sanar da kwanakin hutunsa, kuma suna manne a allo. Shagon kayan wasa ya ce sai Talata. Kafaɗar Gerdien ba ta iya jefa ko lemo tun da aka yi mata aiki. Yau da safe ta gwada kwalba a kan kujera, ta gwada tiyon injin shara, ta gwada takalmin ruwa a kife a kan bokiti. Takalmin ya fi kowa ƙoƙari, amma gajere ne.

Da Renske ta biyo bayan makaranta yau, ta tarar da kakarta, mai shekara sittin da takwas, ta durƙusa a ciyawa, ta miƙa hannu gefe, ƙwallo a tafinta.

"Zo ki buga. Daga hagu."

"Kaka, tashi."

"Ba zan motsa ba. Na fi shi tsayuwa."

"Na kashe Kawu Bertus, yanzu kuma ke? Abin da Kakana ya yi da hannunsa fa na karya."

"Kakanki da ya ga bugun nan da ya karya shi da kansa don murna. Ɗauki kulki."

"Sa'a ce kawai. Ran Asabar kowa yana kallo, in na tsaya a can gefen za su ce me take yi. Gara in faɗi yadda na saba faɗuwa."

Ba ta ɗauki kulkin ba. Ta taimaka wa kakarta ta miƙe, ta kakkaɓe mata gwiwa, ta hau keke ta tafi, ko fanke ba ta ci ba.

Wouter ya zo ta'aziyya da yamma, da furanni a hannu da littafinsa a aljihu. Gerdien ta kai shi bayan gida ta nuna masa inda ƙwallon ya bi.

"Na yarda, Mama. Amma a wasa muka ce."

"Ka ƙara mata wata ɗaya."

"Ran Litinin za a ba wata yarinya gurbinta a hoki. In ta rasa can, ta kasa nan fa? Ba ke za ki kwana da kukanta ba."

"Na haife ka ranar da ake wasan kusa da na ƙarshe, ban ce maka a wasa muka ce ba."

"Mama, an rubuta."

Ya sa furannin a ruwa da kansa, ya wanke kofinsa, ya sumbace ta sau uku a kumatu, ya tafi.

Za a yi jana'iza gobe Juma'a. A taru a ƙofar gidan Gerdien da ƙarfe huɗu saura kwata, a kan kekuna, ko ana ruwa ko ba a yi. Marigayin zai tafi a kwandon gaban keken Gerdien, lulluɓe da tsohuwar rigarta ta wasa, Renske tana biye. Za a nufi wurin rarraba shara na ƙaramar hukuma. An roƙi ma'aikacin wurin ya bari a ajiye shi gaba ɗaya, ya ce ya tausaya ƙwarai, amma ƙarfe akwati na uku, roba na bakwai, katako na tara. Saboda haka za a yi bankwana sau uku, kuma ana roƙon jama'a kada su tare hanyar motoci. Daga nan a dawo gida, akwai gahawa da kek, yanka ɗaya ga kowa. Duk mai turken ƙwallo a ɗakin ajiyarsa, ko na wane zamani ne, ko mai kafaɗar da za ta iya jefa ƙwallo a hankali daga ƙasa, ya taho da shi, kada ya tsaya kiran waya.

Ba a bukatar furanni. Wanda yake son girmama marigayin ya zo fili ran Asabar da ƙarfe goma da rabi na safe, ya tsaya a jikin shingen waya bayan wurin bugu. Kun san allon da kwamiti ya kafa, cewa iyaye da kakanni kada su ba 'yan wasa umarni daga waje, kuma kun san an riga an ja wa Gerdien kunne sau biyu a zangon nan, na uku fitar da ita za a yi daga fili. Mutum ɗaya ana iya fitar da shi. Mutum arba'in ba a iyawa. Renske ce ta takwas a jerin masu bugu, lamba huɗu a bayanta, hular kwanon wasa ta yi mata yawa. Za ta fito kanta a ƙasa, kuma ƙafafunta za su kai ta gefen dama, don can suka sani. Idan kuka ga haka, kada ku tafa, kada ku kira sunanta. Ku haɗa baki ku ce mata, "Ɗaya gefen." Ku yi ta faɗa har sai ta zagaya.

Abin da zai faru bayan nan ba wanda ya sani, wataƙila ta bugi iska sau uku ta koma benci. Wouter zai kasance a wurin da littafinsa da biro. Gerdien za ta tsaya kusa da shi, bakinta a rufe, kuma ba ta da murya ranar sai taku.